Fashin baƙi: Ɗalibar shari'a mai shekara 19 a majalisar Bolibiya, da tambayar wane ne mai kujerar

A babban zaɓen da aka yi a Bolibiya ranar 12 ga Oktoban 2014, wata ɗalibar fannin shari'a daga birnin Sucre, Yesenia Yarhui, ta samu kujera a majalisar wakilai ta ƙasa tana da shekara 19 a duniya. Kafin ita ba a taɓa zaɓar mai ƙarancin shekaru haka zuwa wannan majalisa ba. Ta shiga a ƙarƙashin jam'iyyar PDC (Christian Democratic) tana wakiltar jihar Chuquisaca, inda Sucre yake, ta kama aiki a Janairun 2015, ta zauna har zuwa ƙarshen 2020. Da littattafan makaranta ta shiga zauren, yau kuma lauya ce.

Labari ne mai daɗin ji, kuma ina cikin masu murna da shi. Sai dai wanda ya tsaya a kan shekarun kaɗai bai ga komai ba tukuna. Abin dubawa shi ne hanyar da ta kai matashiya irinta can, da kuma abin da mutum yake iya yi da kujerar da ya samu ta wannan hanya.

Ɗalibin shari'a a Sucre kan tsohon tarihi yake tsaye. A tsarin mulki garin ne babban birnin ƙasa, can kotun ƙoli da kotun tsarin mulki suke, ko da yake fadar shugaban ƙasa da majalisa suna La Paz. Jami'ar San Francisco Xavier da ke garin an kafa ta tun 1624, zamanin mulkin Sifaniya. Lauyoyin da ta yaye suna sahun gaba a boren 25 ga Mayun 1809, kuma a garin aka rattaba hannu kan takardar 'yancin kai ranar 6 ga Agustan 1825. Tun daga lokacin, karatun lauya ya zama babbar hanyar shiga siyasa. Amma hanya ce ta 'yan tsiraru. Har zuwa juyin juya halin 1952, wanda bai iya karatu da rubutu ba ba shi da ƙuri'a, wato an rufe ƙofa ga mafi yawan 'yan ƙabilun Quechua da Aymara, su ne kuwa jama'ar ƙasar. Sai a 1989 mace mai sanye da tufafin gargajiya na matan Aymara ta fara zama a majalisar wakilai, wato Remedios Loza.

Ƙofa ta farko da ta buɗe wa Yarhui ita ce ta shekaru. Tsohon tsarin mulki ya ce sai mutum ya kai 25 zai nemi majalisar wakilai, sai ya kai 35 zai nemi ta dattawa. Sabon tsarin mulkin da jama'a suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta Janairun 2009, zamanin shugaba Evo Morales, ya sauke duka biyun zuwa 18. Duk wanda ya isa jefa ƙuri'a ya isa a jefa masa. Na shugaban ƙasa kuma aka mayar da shi 30. Don a gane nisan da suka yi, dokar da Najeriya ta yi a 2018 ta sauke shekarun majalisar wakilai ne daga 30 zuwa 25, ta bar na sanata a 35. Sauran sharuɗɗan Bolibiya kaɗan ne, cikinsu akwai zama a yankin da ake son wakilta na shekara biyu kafin zaɓe, da iya biyu daga cikin harsunan hukuma, waɗanda suka haɗa da Sifaniyanci da harsunan asali 36.

To amma doka ta ba ka izinin tsayawa daban, cin zaɓe daban. A nan ne ya kamata a natsu a dubi takardar ƙuri'ar ƙasar, domin sirrin yana cikinta.

Majalisar wakilai kujeru 130 gare ta. Daga ciki 63 na mazaɓu ne, inda ɗan takara yake fita da fuskarsa da sunansa, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka. Bakwai an ware su ga ƙananan ƙabilun asali. Sauran 60 kuwa daga jerin sunayen da kowace jam'iyya ta miƙa wa hukumar zaɓe ake cike su. Takardar da mai zaɓe yake karɓa gida biyu ce: a sama hotunan 'yan takarar shugaban ƙasa, a ƙasa 'yan takarar mazaɓarsa. Alamar da ya yi a sama aiki uku take yi lokaci guda. Ta zaɓi shugaban ƙasa, ta zaɓi sanatocin jiharsa guda huɗu, ta kuma zaɓi wakilan jerin sunaye. Su sanatocin da 'yan jerin, sunansu ma ba ya kan takardar. Mutum zai iya aika wakili La Paz bai taɓa jin sunansa ba.

Rabon kuma ga yadda yake. A kowace jiha ana duba ƙuri'ar da ɗan takarar shugaban ƙasa na kowace jam'iyya ya samu, a lissafa kujeru nawa suka kamace ta, in dai ta haura kashi 3 cikin 100 a faɗin ƙasa. Sai a cire waɗanda ta riga ta ci a mazaɓu, abin da ya rage a cike mata daga jerinta, daga sunan farko zuwa ƙasa. Saboda haka babbar jam'iyyar da ta share mazaɓu ba ta samun da yawa daga jeri, ƙaramar da ba ta iya cin mazaɓa kuwa ta nan take shiga. Chuquisaca a lokacin kujeru 10 gare ta, biyar na mazaɓu, biyar na jeri. Ta jerin Yarhui ta bi, ƙofa ta biyu ke nan. Abin da ya kai ta majalisa shi ne matsayin sunanta a takardar da jam'iyya ta rubuta, da ƙuri'ar da mutanen jihar suka ba Jorge Quiroga, tsohon shugaban ƙasa, wanda ya zo na uku da kusan kashi 9 cikin 100.

Ƙofa ta uku ita ce dokar zaɓe mai lamba 026 ta 2010, wadda ta wajabta daidaito tsakanin maza da mata. Dole jerin ya zama namiji, mace, namiji, mace, ko a fara da mace. Kowane ɗan majalisa kuma yana da madadinsa wanda zai zauna in ya tashi, kuma in mai kujera namiji ne to madadin mace ce, in mace ce madadin namiji. Dokar ta yi aiki ƙwarai: bayan zaɓen 2014 mata 69 ne cikin wakilai 130, babu ƙasar da ta fi Bolibiya a wannan fanni a lokacin sai Ruwanda. Wannan nasara ce ta gaske, bai kamata a rage mata daraja ba. Amma tana da ɓangare mai ɗaci, musamman a ƙananan hukumomi, inda aka sha matsa wa kansiloli mata su ajiye aiki a tsakiyar wa'adi don madadinsu namiji ya hau. Juana Quispe, kansila a ƙaramar hukumar Ancoraimes, an yi ta hana ta zama a kujerar da ta ci, daga baya aka tsinci gawarta a La Paz a Maris ɗin 2012. Bayan wata biyu majalisa ta zartar da doka mai lamba 243 kan cin zarafin mata a siyasa.

Sai maganar jam'iyyar kanta. PDC tsohuwar jam'iyya ce da ta daɗe da rasa ƙarfi a ƙasa, abin da ya rage mata mai tsada shi ne rajista. 'Yan Bolibiya da kansu suna kwatanta irin waɗannan jam'iyyu da motar haya: wanda ya zo da jama'a shi ake ɗauka. A 2014 Quiroga ta ɗauka, da Tomasa Yarhui a matsayin mataimakiya, matar da ta kafa tarihi a 2002 a matsayin 'yar ƙabilun asali ta farko da ta zama minista. A 2019 ta fara da tsohon shugaba Jaime Paz Zamora, da ya janye ta ɗauko Chi Hyun Chung, likita kuma fasto haifaffen Koriya ta Kudu. A 2020 ta shiga ƙawancen Luis Fernando Camacho na Santa Cruz. Mutum huɗu, aƙidu daban-daban, tambari ɗaya. Matashin da ya shiga ta irin wannan jam'iyya yakan wayi gari ya ga wanda ya jawo masa ƙuri'a ya yi gaba, masu rajista kuma suna ciniki da wani. Ga shi dokar jam'iyyu ta 2018 ta ce kujera ta jam'iyya ce, wanda ya sauya sheƙa yana iya rasa ta.

Yanzu a dubi zauren da ta tarar. Morales ya ci zaɓen da kusan kashi 61 cikin 100. Jam'iyyarsa ta MAS ta samu wakilai 88 da sanatoci 25 cikin 36, wato kashi biyu cikin uku a kowane zaure. PDC wakilai 10 da sanata biyu. A irin wannan lissafi, ɗan adawa zai iya kwana yana nazarin ƙudiri, ya gano inda ya ci karo da tsarin mulki, ya miƙe ya yi bayani tiryan-tiryan, a saurare shi ko kada a saurara, sannan a ɗaga hannu ƙudirin ya wuce yadda ya zo daga fada. Abin da ya rage masa shi ne aika wa ministoci takardun neman bayani, da kai ƙara kotun tsarin mulki, da magana da 'yan jarida. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a nan ilimin lauya yake da amfani, domin abin da aka rubuta yana zama hujja gobe. Amma ba ya tsayar da doka.

Misalin da ya fi nuna haka shi ne sabon kundin hukunta laifuka da aka sanya wa hannu a Disambar 2017. 'Yan adawa sun yi ta suka, har wasunsu suka shiga yajin cin abinci a cikin majalisa. Abin da ya karya kundin kuwa titi ne: likitoci sun yi yajin aiki na fiye da wata guda kan sashe na 205 da ya shafi sakaci a bakin aiki, direbobi da wasu ƙungiyoyi suka mara musu baya, a Janairun 2018 aka soke shi gaba ɗaya. Kai ƙara kotu ma tana da nata cikas. A Bolibiya jama'a ne ke zaɓar manyan alƙalai, amma majalisa ce ke tace waɗanda za su tsaya, da rinjayen kashi biyu cikin uku. Wanda ke da wannan rinjaye shi ke da jerin alƙalan. A Fabrairun 2016 jama'a suka ƙi amincewa da ƙarin wa'adi ga Morales da kashi 51 cikin 100. 'Yan majalisar MAS suka tafi kotun tsarin mulki, a Nuwambar 2017 ta yanke cewa hana shi sake tsayawa tauye haƙƙinsa ne na ɗan Adam. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi zaɓen alƙalai, kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'un aka lalata su ko aka bar su fari fat.

Kada a ɗauka lauyan da ke cikin masu rinjaye ya fi sakewa. Rebeca Delgado lauya ce daga Cochabamba, 'yar MAS, ta shugabanci majalisar wakilai a 2012. Ta ja da ministan cikin gida Carlos Romero kan wani ƙudiri na ƙwace dukiyar da ake zargin ta haram ce, ta ce yana buƙatar gyara mai yawa. Ba ta koma kujerar shugabanci ba a shekarar da ta biyo. Da ta nemi takarar magajin garin Cochabamba a zaɓen 2015, hukumar zaɓe ta fito da ƙa'idar cewa 'yan majalisar ƙasa a La Paz suke zaune, don haka ba su cika sharaɗin zama a yankunansu ba. A 2018 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an tauye mata haƙƙi, amma zaɓen ya riga ya wuce da shekara uku. Duk matashin ɗan majalisa da ya ga abin da ya same ta ya san farashin karanta doka da idon kansa.

Jarrabawar wannan majalisa ta zo ne a ƙarshen 2019, kuma matasa ne ta fi faɗa wa. Adriana Salvatierra, wadda ta karanta kimiyyar siyasa a Santa Cruz, ta shigo ne a matsayin madadin Carlos Romero a majalisar dattawa, ta hau kujerar da ya koma minista a 2015. A Janairun 2019 aka naɗa ta shugabar majalisar dattawa tana da shekara 29. Bayan zaɓen 20 ga Oktoba mai cike da taƙaddama, da makonni uku na zanga-zanga, da tawayen 'yan sanda, da rahoton ƙungiyar ƙasashen nahiyar Amurka kan zaɓen, da shawarar hafsan sojoji Williams Kaliman cewa shugaban ya sauka, Morales da mataimakinsa Álvaro García Linera suka yi murabus ranar 10 ga Nuwamba. Sashe na 169 na tsarin mulki ya ce bayan mataimaki sai shugaban majalisar dattawa, bayansa sai na wakilai. Salvatierra ta cika 30, mulki ya zo har ƙofarta. A ranar ta sanar da murabus ta talabijin. Shugaban wakilai Víctor Borda ma ya sauka bayan an ƙona gidansa a Potosí an yi garkuwa da ɗan'uwansa. Magoya bayan MAS suna cewa barazana ce ta kore su duka, 'yan adawa suna cewa umarni ne daga sama don a bar ƙasar babu shugaba. Ko wanne ne gaskiya, a ganina abu ɗaya ya fito fili: hukuncin da ya fi kowanne nauyi a rayuwar wannan matashiya ba a hannunta kaɗai yake ba.

Wadda ta cike gurbin lauya ce, Jeanine Áñez daga jihar Beni, tsohuwar mai gabatar da shirin talabijin, mataimakiyar shugaban dattawa ta biyu, daga jam'iyyar da ɗan takararta ya samu kusan kashi 4 cikin 100 a zaɓen. Ranar 12 ga Nuwamba, a zaman da 'yan MAS suka ƙaurace wa har adadin da doka ke buƙata bai cika ba, ta ayyana kanta shugabar dattawa, sannan shugabar ƙasa. Kotun tsarin mulki ta fitar da sanarwar goyon baya, tana kafa hujja da wani hukunci na 2001 da aka yi lokacin da Quiroga zai gaji shugaba Hugo Banzer. Washegari Salvatierra ta zo tana cewa zaure bai karanta murabus ɗinta ba balle ya amince, 'yan sanda suka tare ta a hanya. Har yau lauyoyin ƙasar ba su daidaita kan wannan batu ba. Abin da babu gardama a kansa shi ne jinin da ya biyo baya: a garin Sacaba ranar 15 ga Nuwamba da unguwar Senkata ta birnin El Alto ranar 19, sojoji da 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe kusan mutum 20, a daidai lokacin da gwamnatin ta fitar da dokar da ta kare sojoji daga tuhuma. Ƙwararrun ƙasa da ƙasa da suka bincika sun kira abin kisan kiyashi a rahotonsu na 2021. An kama Áñez a Maris ɗin 2021, aka yanke mata shekara 10 a 2022, kotun ƙoli ta soke hukuncin aka sake ta a Nuwambar 2025.

A tsakiyar wannan wuta sanatocin MAS suka zaɓi Eva Copa shugabarsu ranar 14 ga Nuwamba. Shekararta 32, 'yar El Alto, ta taso daga gwagwarmayar ɗalibai a jami'ar garin. Manyan jam'iyya wasu suna gudun hijira, wasu suna ɓoye a ofishin jakadancin Meziko. Ita ta zauna aka yi yarjejeniyar dokar 24 ga Nuwamba da ta soke zaɓen ta kira sabo. An tsawaita wa'adin majalisar, wanda ya kamata ya ƙare a Janairun 2020, annobar korona kuma ta ƙara ja da zaɓe zuwa 18 ga Oktoba. Da ƙura ta lafa, Copa ta nemi MAS ta tsayar da ita magajin garin El Alto, aka hana ta. Ta fita da tutar wata ƙaramar ƙungiya mai suna Jallalla, ta ci da fiye da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u a Maris ɗin 2021. A wannan zaɓen Salvatierra ta tsaya a Santa Cruz da tutar MAS ta zo ta uku.

Ita ma Copa ta jerin sunaye ta shiga majalisa, domin duk sanata ta nan yake shiga. Bambancinta shi ne tana da mutanen da suka san ta tun kafin kujera, kuma ta yi amfani da shekarar wuyar nan ta nuna musu abin da za ta iya. Ban ɗora wa matashin da bai yi haka ba laifi. Mai shekara 19 da aka miƙa wa dama ya karɓa, ya koyi aiki, ya yi iya yinsa a cikin wakilan PDC goma, ya yi abin a yaba. Laifin yana wuyan jam'iyyun da ke nemo matasa da mata lokacin cike takarda, su manta da su lokacin yanke shawara. Tsarin jerin sunaye kansa ina ganin alherinsa ya fi sharrinsa, domin ba don shi ba da wuya ɗaliba ta kayar da mai kuɗi a mazaɓa. Gyaran da yake buƙata shi ne 'yan jam'iyya su sami bakin magana kan wanda za a rubuta, mai zaɓe kuma ya ga sunan a gabansa.

Zaɓen 2025 ya juya lissafin gaba ɗaya. MAS ta dare gida uku. Ɗan takararta, Eduardo del Castillo, matashin lauya da ya riƙe ma'aikatar cikin gida, ya tsira da kusan kashi 3 cikin 100, jam'iyyar ta koma wakilai biyu, babu sanata ko ɗaya. Andrónico Rodríguez, wanda ya shugabanci dattawa tun 2020 yana ɗan shekara talatin da kaɗan, ya fita da wata tuta ya zo na huɗu. PDC kuwa a wannan karo Rodrigo Paz ta ɗauka, ɗan Jaime Paz Zamora, ya doke Quiroga a zagaye na biyu ranar 19 ga Oktoba. Amma wakilai 49 da sanatoci 16 ta samu. Babu jam'iyyar da ke da rabin zaure, balle kashi biyu cikin uku da ake buƙata don tace alƙalai ko taɓa tsarin mulki. Kowane ƙudiri sai an nemi ƙuri'u daga wasu jam'iyyu, sashe bayan sashe, kuma a irin wannan zaure ɗan majalisar da ya karanta abin da ke gabansa ya ce bai yarda ba, dole a zo a zauna da shi.